Salsalar Labarin Anarkali: Daga Bakin Baƙon Ɗan Kasuwa Zuwa Dandamalin Mumbai



A watan Oktoba na shekarar 2016, a wani babban zauren wasanni da ake kira Jamshed Bhabha a birnin Mumbai na ƙasar Indiya, aka yaye labule a kan wani wasan kwaikwayo mai haɗe da waƙa da rawa, mai suna Mughal-e-Azam. Duk wanda ya taɓa karatun littattafai a zaure zai gane rabin sunan, domin “azam” ɗin nan ita ce “a'azam” ta Larabci, wato mafi girma. Ana nufin mafi girman sarakunan daular Mughal, Sarki Akbar. An ciro wasan ne daga wani fim mai wannan suna da ya fito a 1960, wanda har gobe Indiyawa ke sanya shi a sahun gaba idan ana lissafin finafinansu. Rawar da aka taka a cikinsa, a Ɗakin Madubai, tana cikin raye-rayen da suka fi shahara a tarihin silimar ƙasar.

Mu da muka tashi a zamanin da gidajen silima ke cika da daddare a Kumasi da Tamale da Kano da Damagaram, ba baƙi ba ne a wajen finafinan Indiya. 'Yan kasuwa Labanawa da Indiyawa suka kawo mana su tun wajejen shekarun 1950, muka haddace waƙoƙinsu ba tare da mun san harshen ba, har muka raɗa wa jarumansu sunaye na Hausa. Saboda haka labarin wannan wasa ya shafe mu. Ba hukuncin rawa da kiɗa ya kawo mu ba, wannan fagen malamai ne. Abin da ya kawo mu tambaya ce guda da aka koya mana tun muna yara a gaban malam: wannan magana, daga wa ka ji ta? Idan aka bi labarin Anarkali da wannan tambaya, hannu bayan hannu har tushensa, za a ga abin mamaki, kuma za a sami darasi.

Ga labarin kamar yadda fim da wasan suka kawo shi. Sarki Akbar ya daɗe bai sami magaji ba, ya tafi da ƙafa wajen wani waliyyi neman addu'a, Allah ya ba shi ɗa, aka sa masa Salim. Yarima ya girma ya kamu da son wata kuyanga mai rawa a fada, wadda sarki da kansa ya yi wa laƙabi da Anarkali, wato furen rumman. Sarki ya ce faufau baiwa ba za ta zama sarauniyar Hindustan ba. Ɗa ya ɗaga wa uba takobi, aka gwabza, aka ci ɗan da yaƙi. Anarkali ta ba da ranta fansa domin a bar yarima, aka yanke mata hukuncin a gine ta da rai a cikin bango.

ABIN DA TARIHI YA TABBATAR

Akbar dai sarki ne na gaskiya. Ya hau gadon mulki a 1556, ya rasu a 1605. Gaskiya ne kuma cewa ya nemi addu'ar Shaihu Salim Chishti a garin Sikri, aka haifa masa ɗa a 1569, ya sa masa sunan shaihin, daga baya ya gina birnin Fatehpur Sikri a wurin. Mahaifiyar yaron 'yar sarkin Amber ce, daga gidan sarautar Rajput mabiya addinin Hindu, wadda Akbar ya aura a 1562. Littattafan fada suna kiranta da laƙabin Maryamuz Zamani, sunan Jodha da fim ya ba ta kuwa daga baya ya bazu a bakin jama'a. Salim shi ne ya gaji ubansa da sunan Jahangir, ya yi mulki daga 1605 zuwa 1627.

Tawayen ma ya faru. Wajen shekarar 1600 Salim ya kafa tasa fadar a Allahabad, ya riƙa gudanar da al'amura kamar sarki alhali ubansa na raye. A 1602 ya sa aka tare Abul Fadli, babban aminin Akbar kuma marubucin tarihinsa, aka kashe shi a hanya. Sai a 1604 uba da ɗa suka daidaita. Dalilin wannan tawaye a fili yake: yarima ya haura shekara talatin, uba ya daɗe a kan gado, shi kuwa ya ƙosa. Rigimar sarauta ce irin wadda kowace masarauta ta sani.

To ina Anarkali a cikin wannan duka? Abul Fadli ya rubuta tarihin mulkin Akbar filla-filla a littafin Akbarnama, bai ambace ta ba. Mai yiwuwa a ce bafade ba ya tona asirin gidan ubangidansa. To shi Jahangir fa? Ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa, kuma mutum ne marar ɓoye-ɓoye. A cikin littafin ya faɗi yawan giyar da yake sha a ƙuruciyarsa, ya kuma amsa da bakinsa cewa shi ya sa a kashe Abul Fadli. Mutumin da ya iya rubuta wannan a kan kansa, bai kawo sunan Anarkali ko sau ɗaya ba.

ƊAN KASUWAR SHUNI DA HUBBAREN LAHOR

Hannu na farko da muka sani ya rubuta labarin hannun baƙo ne. William Finch Bature ne ɗan Ingila, ma'aikacin kamfanin cinikin Ingilishi a Indiya, wanda ya sauka ƙasar a 1608. A 1611 ya isa birnin Lahor da kayan shuni zai sayar. Kamar kowane falke, ya zaga gari, ya ga gine-gine, ya saurari abin da mutane ke faɗa, ya rubuta. Abin da ya rubuta shi ne akwai wata daga cikin matan Akbar, mahaifiyar wani ɗansa mai suna Daniyal, da aka zarge ta da hulɗa da Salim, sarki ya sa aka gine ta cikin bango, kuma Jahangir ya sa a gina mata hubbare. Finch ya mutu a Bagadaza a kan hanyarsa ta komawa gida, aka buga bayanansa a Ingila a 1625.

A lura da kyau. A wannan riwaya ta farko babu yarinya kuyanga mai rawa. Matar sarki ce, uwar ɗa, kuma abin da ake zargi abin kunya ne mai muni. Finch kuwa bai ga komai da idonsa ba, ya zo ne shekara goma sha wani abu bayan lokacin da aka ce abin ya faru, kuma bai faɗi wanda ya gaya masa ba.

Hubbaren yana nan a Lahor har yau, kuma wata tsohuwar kasuwa mai suna Anarkali tana kusa da shi. A jikin dutsen kabarin an sassaƙa sunayen Allah kyawawa, da baitin begen masoyi cikin harshen Farisa, da sunan Salim ɗan Akbar, da shekaru biyu na Hijira, 1008 da 1024, waɗanda suka yi daidai da 1599 da 1615. Wasu masana tarihi suna ganin kabarin na Sahib Jamal ne, ɗaya daga cikin matan Salim na aure, wadda ta rasu a Lahor a 1599. A zamanin Turawa an mai da ginin coci na wasu shekaru, yanzu kuwa a nan ake ajiye tsofaffin takardun gwamnatin lardin Punjab. Iyakar abin da ke hannu ke nan: gini na gaske, da jita-jitar da baƙo ya tsinta a gari.

HANNUN MARUBUCI

Labarin ya ci gaba da yawo a bakin mutanen Lahor har shekara ɗari uku, kowa na ƙara masa gishiri. A 1922 wani saurayi ɗan garin, Imtiaz Ali Taj, ya rubuta shi a matsayin wasan kwaikwayo cikin harshen Urdu, ya sa masa suna Anarkali. A hannunsa ne labarin ya sami siffar da duniya ta sani: kuyanga mai ƙuruciya, yarima mai taurin kai, kishiya mai kai tsegumi, da uba wanda sarauta ta rinjayi tausayinsa. A wasan Taj babu ceto, an gine yarinyar, labari ya ƙare da kuka.

Abin yabo ga wannan marubuci shi ne bai yaudari kowa ba. A gabatarwar littafinsa ya bayyana cewa a iya bincikensa labarin ba shi da tushe a tarihi. Ya riƙe amanar alƙalami. Sai dai gabatarwa a takarda take zama, ba ta hawa dandamali tare da 'yan wasa. Masu kallo suka ɗauki labarin suka bar gargaɗin.

Daga nan 'yan fim suka karɓa. A 1928 kaɗai an yi finafinai biyu marasa magana a kan labarin. A 1953 aka yi wani mai suna Anarkali wanda Bina Rai ta fito a cikinsa, ya sami karɓuwa ƙwarai. A 1958 Pakistan ma ta yi nata da shahararriyar mawaƙiya Noor Jehan. Amma wanda ya shafe su duka shi ne na K. Asif.

SHEKARA GOMA SHA SHIDA A KAN FIM ƊAYA

Karimuddin Asif yana da shekara ashirin da 'yan kai lokacin da ya ƙudura yin fim ɗin, a 1944. An fara ɗauka a 1946 da wasu 'yan wasa daban, cikinsu har da Nargis. Sai ga rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, wadda ta jawo kashe-kashe da hijirar miliyoyin mutane. Mai ɗaukar nauyin fim ɗin, Shiraz Ali Hakim, ya koma Pakistan. A 1949 Chandra Mohan, wanda zai fito a matsayin Akbar, ya rasu. Aiki ya tsaya cik.

Wanda ya ceci aikin ba ɗan fim ba ne. Shapoorji Pallonji attajiri ne ɗan kwangilar gine-gine a Bombai, kamar yadda ake kiran Mumbai a lokacin. Shi ya zuba dukiyarsa, aka sake ɗaura niyya a farkon shekarun 1950 da sababbin fuskoki. Prithviraj Kapoor, gogaggen ɗan wasan dandamali mai murya kamar aradu, ya zama Akbar. Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, haifaffen Peshawar, ya zama Salim. Madhubala, wadda sunanta na gaskiya Mumtaz Jehan, ta zama Anarkali. Marubuta huɗu masana Urdu suka tsara maganganun, Naushad ya tsara kiɗa, Shakeel Badayuni ya rubuta waƙoƙi, Lata Mangeshkar ta rera mafi yawansu.

Asif mutum ne da bai san “ya isa haka” ba. Domin fagen yaƙi sai da aka aro dubban sojojin Indiya na gaske, da dawakai da raƙuma. Sarƙoƙin da aka ɗaure Madhubala da su a kurkuku na ƙarfe ne na ainihi, alhali tana fama da ciwon zuciya da aka haife ta da shi. Kuɗin da aka kashe ya kai wajen rufi miliyan 15, abin da ba a taɓa kashewa a kan fim a ƙasar ba kafin nan. Ranar 5 ga Agusta, 1960, aka fara nuna shi a silimar Maratha Mandir ta Bombai da wasu gidajen silima da dama a faɗin ƙasar. Ya shafe shekara 15 babu fim ɗin da ya kai shi kawo kuɗi, sai da Sholay ya fito a 1975.

Me hannun Asif ya ƙara wa labarin? Abu na farko, ya sauya wa labarin maigida. Taj ya sa wa wasansa sunan kuyanga, Asif ya sa wa fim ɗinsa laƙabin sarki. Abu na biyu, ya sauya ƙarshen. A fim ɗin, mahaifiyar Anarkali ce ta kai wa Akbar albishirin haihuwar Salim tun da fari, sarki ya ba ta zobensa da alkawarin biya mata buƙata ɗaya duk ranar da ta nema. Da aka zo gine 'yarta sai ta kawo zoben. Sarki ya sa aka fitar da yarinyar a asirce ta wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa, bisa sharaɗin ta bar ƙasar, Salim kuma ya rayu yana zaton ta mutu. Da haka sarki ya cika alkawari, sarauta kuma ta tsira.

Dalilin wannan sauyi ba ya rasa nasaba da zamanin. Shekara 13 kacal da raba ƙasa, raunin bai warke ba. Fim ɗin ya buɗe ne da taswirar Hindustan tana magana da bakinta, ya nuna sarki Musulmi yana zaune tare da matarsa Bahindiya a ranar bikin addininta. Indiyar 1960 tana bukatar Akbar mai adalci wanda ya haɗa kan mabiya addinai, ba za ta iya ɗaukar Akbar mai gine yarinya da rai ba. Saboda haka wanda ya kalli fim ɗin da idon basira, zai koyi abubuwa game da Indiyar Nehru fiye da yadda zai koya game da Indiyar Akbar.

RAWAR ƊAKIN MADUBAI

Rawar da ke cikin fim ɗin ana kiranta Kathak. Sunan ya samo asali daga kalmar da ke nufin labari a tsohon harshen Sanskrit, domin masu ita tun asali masu ba da labari ne da hannu da ido da ƙafa. Mai rawar yakan ɗaura ƙananan ƙararrawa masu yawa a idon sawu, wani abu mai kama da akayau, yana buga ƙafa daidai da kiɗan ganga, yana juyi kamar mazari, sannan ya tsaya cak a kan bugu na ƙarshe. Wanda ya tsara raye-rayen fim ɗin shi ne Lachhu Maharaj, daga gidan da ya gaji wannan sana'a a birnin Lucknow.

Domin rawa guda aka gina Ɗakin Madubai a ɗakin ɗaukar fim na Mohan, aka yi kusan shekara biyu ana aikinsa, da gilasan da aka yiwo oda daga Beljiyam. Da aka kunna fitilu sai hasken ya riƙa dawowa yana kashe idon kyamara, sai da mai ɗaukar hoto R. D. Mathur ya yi ta dabaru kafin abin ya ɗauku. A nan ne Anarkali, bayan an fito da ita daga kurkuku domin ta nuna ta saduda, ta tsaya gaban sarki da fadawa ta bayyana soyayyarta a fili, siffarta na bayyana a ɗaruruwan madubai lokaci guda. Yarinyar da ba ta da ikon buɗa baki a fada, rawa ta zame mata harshe. Wannan ne ya sa wurin ya zauna a zukatan mutane.

Amma a nan ma tarihi yana da magana. Ɗakin Madubai na ainihi da ke cikin ganuwar fadar Lahor, Shah Jahan ne ya gina shi wajen 1631, wato jikan Akbar, shekara ashirin da wani abu bayan rasuwar kakan. Salon Kathak na Lucknow kuwa ya bunƙasa ne a ƙarni na 19, a fadar Wajid Ali Shah wanda Turawa suka tuɓe a 1856. Ashe Akbar bai taɓa shiga irin wannan ɗaki ba, bai kuma ga wannan salon rawa ba.

DAGA MAJIGI ZUWA DANDAMALI

Mafi yawan fim ɗin baƙi da fari ne, wurare kaɗan ne aka ɗauka da launi, cikinsu har da rawar madubai. Asif ya so ya sake ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya da launi, masu rarraba finafinai suka ce haƙurinsu ya ƙare. Bai ga cikar burinsa ba. Madhubala ta rasu a 1969 tana da shekara 36. Shi kuma ya rasu a 1971, ya bar wani fim a kan labarin Laila da Majnun bai ƙarasa ba. Amma gidan Shapoorji Pallonji ya riƙe fim ɗin bai yar ba. Suka sa aka gyara shi, aka yi masa launi da kwamfuta, aka sake fitar da shi a gidajen silima a watan Nuwamba na 2004. A 2006 aka nuna shi a Pakistan, inda aka daɗe da hana nuna finafinan Indiya.

Wannan gida ne dai ya sake ɗaukar nauyin wasan 2016, tare da cibiyar wasannin fasaha ta ƙasa da ke Mumbai. Daraktan wasan, Feroz Abbas Khan, ya yi shekaru yana aiki a gidan wasan Prithvi, wanda iyalan Prithviraj Kapoor suka gina domin tunawa da shi. Da tsohuwar zuma ake magani: bai taɓa ƙashin bayan labarin ba, ya riƙe waƙoƙin Naushad da Shakeel, ya riƙe zaurancen Urdu na fada wanda mutane suka haddace. Mayuri Upadhya ta tsara raye-rayen, Manish Malhotra ya ɗinka tufafi sama da 500, aka ɗauko ƙwararrun haske da hoton majigi daga Amurka.

Dandamali yana da nasa hukunci. Ba a iya shigo da raƙuma da rundunar soja cikin zaure, saboda haka yaƙi ya koma aikin haske da hotuna da motsin 'yan wasa. Kyamara takan matso da fuska har a ga ƙwalla a idon Madhubala, amma mai zama a kujerar baya a zaure ba ya ganin ƙwalla, sai an nuna masa baƙin ciki da jiki da murya. Wannan ya sa rawa ta ƙara samun matsayi, ayarin 'yan Kathak suka cika dandamali suna ɗaukar nauyin da kyamara ta ɗauka a da. Babban bambanci kuwa shi ne murya. A fim, Madhubala motsa baki take yi, Lata Mangeshkar ce ke waƙar. A dandamali kuwa wadda ta fito a Anarkali ita ke rera waƙarta da bakinta a gaban jama'a, tana rawa, kowane dare, babu damar a ce a sake. Saboda nauyin aikin, 'yan wasa biyu, Priyanka Barve da Neha Sargam, suka riƙa karɓa-karɓa.

Wasan ya karɓu. Daga Mumbai ya tafi Delhi, ya ƙetara zuwa Dubai da Singafo, a 2023 kuma ya zaga biranen Amurka da Kanada, inda jikokin waɗanda suka yi layin tikiti a 1960 suka cika zaure. Labarin da aka rubuta domin dandamali a 1922 ya koma dandamali bayan shekara 94. Sai dai ya koma ne da kayan da ya samo a hanya: sunan sarki, da zoben alkawari, da Ɗakin Madubai. Wasan 2016 ɗan fim ɗin Asif ne, jikan littafin Taj, tattaɓa-kunnen hirar da Finch ya ji a Lahor.

ABIN DA MUKA ƊAUKA

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma a nan haɗarin yake. Abin da aka nuna wa ido da ado da kiɗa yana korar abin da aka rubuta a littafi, ko da littafin ne mai gaskiya. Yau idan ka tambayi mutum dubu a kan dalilin tawayen Salim, mafi yawa za su ce saboda Anarkali ne. Kaɗan ne za su tuna da Allahabad ko jinin Abul Fadli. Wanda aka kashe da gaske an manta da shi, wadda ba a tabbatar da ko ta rayu ba ana yi mata kuka shekara ɗari huɗu.

Wannan ba dalili ba ne na raina aikin. Taj da Asif da Feroz Abbas Khan kowannensu ya yi gwaninta, kuma abin da labarin ke faɗa game da uba da ɗa, da nauyin rawani, da talakan da ke shiga tsakanin manya ya ƙone, gaskiya ne a kowace ƙasa. Akwai kuma abin koyi a yadda gida ɗaya ya riƙe aiki ɗaya fiye da shekara sittin, yana sabunta shi ga kowane zamani. Mu nan kaset nawa na mawaƙanmu da wasanninmu na rediyo da talabijin suka ruɓe a cikin kwali?

Abin da muke jan hankali a kai shi ne a riƙa ajiye kowane abu a muhallinsa. Mu ma muna da irin su Anarkali. Sarauniya Amina ta Zazzau ta zo a Tarihin Kano, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, amma abin da suka faɗa kaɗan ne, masana ma ba su daidaita a kan ƙarnin da ta rayu ba. Sauran duk hannaye ne suka ƙara, har zuwa finafinan da 'ya'yanmu ke kallo a waya. Haka tarihin kafuwar zangunanmu, wanda dattawan da suka ji daga bakin waɗanda suka gani suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da wani zai mai da shi fim ko wasa tana zuwa, kuma abin da ya nuna shi yara za su riƙe.

Saboda haka mai ƙirƙira ya yi koyi da Imtiaz Ali Taj, ya faɗa a fili inda ya ƙara. Mai kallo ya ji daɗin kallonsa, amma idan ya tashi ya tambaya: daga wa aka ji? Mu kuma da Allah ya ba alƙalami, mu zauna gaban dattawanmu tun suna raye, mu rubuta abin da suka faɗa, da sunan wanda ya faɗa, da wanda shi ma ya ji daga gare shi. Da a ce wani a Lahor ya yi haka a shekarar 1599, da yau mun san ko wace ce ke kwance a ƙarƙashin wancan dutse.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama lafiya.